Babu Wani Labari, Eduvina

Eduvina, babu wani labari.
Ruwa ne dai, yadda kika bar shi,
tun Litinin yake zuba, ko numfashi bai tsaya yi ba.
Tsibirin Lemuy ya jiƙe har ɓargo,
ni ma haka.

Jirgin fito ya kwana biyu bai ƙetare ba,
sukari ya yi tsada a shagon Filomena.
Ta ce in gaishe ki,
ta ce kuɗin zaren nan ba na gaggawa ba ne.
Sau uku ta faɗa.

Na tone dankalin kunyoyin gabas,
baƙin nan mai zurfin ido da kike so,
buhu bakwai da rabi.
Rabin na kai wa tsohuwa Ulloa.
Kin ce in riƙa yi, na yi.

Tunkiya mai tsagaggen kunne ta haifi tagwaye,
ta karɓi ɗaya, ta ƙi ɗaya.
Wanda ta ƙi yana kwana a bayan murhu
cikin kwandon wankinki.
Na san abin da za ki ce.
Ajiye shi, sai kin dawo ki faɗa mini ido da ido.

Ranar Asabar aka yi gayyar Olegario.
Muka ɗora gidansa a kan gungume biyu,
shanu goma sha biyu suka ja shi har gaɓa,
gida sukutum, da tagogi, da labule,
ya bi kwalekwale a kan teku kamar agwagwa.
Sai matarsa ta ɗora hannu a ka:
an manta kyanwa a ciki!
Ga kyanwa kuwa a taga,
tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar haraji.
Dariya ta ci ƙarfina, na juya in dafa ki,
sai na dafa kafaɗar Fada.
Bai ce komai ba, bawan Allah.

To, akwai wata 'yar magana.
Tukunyar nan ta mahaifiyarki.
Kada gabanki ya faɗi, ba ta fashe ba.
Na ɗora wake, na fita duba shinge,
shinge ya kai ni hira,
hira ta kai ni yamma.
Garin sauke ta hannu ɗaya ya fita.
Ya haƙura, yana cikin aljihuna.

Gwiwa da sauƙi.
Ina shan maganin kullum,
ban da ranar da na manta
da wadda ta bi bayanta.

Rigar sanyin da kike saƙa mini
tana kan kujerarki, allurai a soke,
hannu ɗaya ya kammala, ɗaya bai fara ba.
Na yi alkawarin ba zan taɓa ba.
Daren jiya iska ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
na yafa ta, na zauna ina jin ƙamshin sabulunki.
Mu uku ke nan masu hannu ɗaya a gidan nan:
tukunya, riga, da ni.
Kin dai san abin da aka ce kan ɗaukar jinka.

Na ga hoton jaririn Yasna.
Kowa ya ce hancina ne.
Allah ya ba yaron haƙuri.

Ki zauna har ta yi ƙwari,
kada ki yi sauri saboda ni.
Punta Arenas da nisa, kuɗin mota ba wasa ba.

Sai dai na tambayi Olegario,
tambaya kawai,
nawa ake hayar shanu goma sha biyu.
Idan wata ya mutu, wani ya tsaya,
kika leƙa taga da safe
kika ga gida yana tafe a kan ruwa,
hayaƙi na tashi, ɗan rago na kuka a ƙofa,
kada ki tsorata, ni ne.
Ki dai tanadar mana busasshen itace,
namu duk ya jiƙe.

Mijinki,
Belisario.