Farantin da Ba Shi da Fuska

A Jidda na saye shi, bayan la'asar,
a shago mai sanyin da ke kaɗa haƙora.
Awad, Basudanen da ke tsaron wurin,
ya ɗago shi da safar hannu
kamar mai miƙa jariri ranar suna.
Ya ce riyal ɗari huɗu. Na taya rabi.
Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.
Muka tsaya a ɗari uku da ashirin,
kuɗin gyaran fanka da na takalmina.

Sanholo ne, shafal, ba nauyi.
Shuɗi ya kwararo ya ci karo da ruwan goro,
wani farin layi ya ratso
ya fasa tafiya a tsakiya.
Babu mutum, babu doki, babu bishiya.

Awad ya yi min huɗuba a bakin ƙofa:
kada rana ta dube shi ido da ido,
kada soso, kada omo,
tsumma mai laushi da ɗigon ruwa ya isa,
ka riƙe shi ta gefe,
ka nisanta shi da hayaƙin kasko,
iskar tekun nan gishiri take tafe da shi.

Hansatu ta duba, ta sake dubawa.
Ta ce, "Murfin tukunya ne fenti ya zube a kai,
ka kuma biya?"
Malam Ɗahiru na ɗakin sama ya sa tabarau,
ya nemi fuska sama da ƙasa bai samu ba,
ya ce to, mala'iku dai za su shigo.

Kowace Juma'a kafin wanka nake goge shi,
daga hagu zuwa dama, ban san dalili ba.

Wani dare na dawo daga tuƙi
na tarar da Hansatu a gabansa, fitila a kashe,
tana hura masa numfashi
tana sharewa da bakin mayafinta.
Ba ta juyo ba ta ce,
"Gulbin garinmu ne, shekarar da ya ci gonar Baba.
Farin can igiyar kwalekwale ce da ta tsinke."

Sai da ya yi wata uku a bango
ɗanmu Yuza'u ya hau kujera
ya gano ɗan sa hannun mai zanen
a can sama, ƙafafunsa suna kallon rufi.
Ashe a kife muka rataye shi.

Na sauke, na juya, na daidaita ƙusa.
Muka ja baya mu uku.
Gulbi ya ɓace.
Saura shuɗi da ruwan goro, kyawawa, baƙi gare mu.

Hansatu ta miƙo min tsumman.
Ta ce, "Goge inda ka taɓa,
ka mayar min da shi yadda yake."