Hannun da Ya Yi Shiru

Tun da kabu-kabu ta kayar da ni a hanyar Mirriya
hannun dama ya yi shiru.
Maɗori ya lalube, babu karaya.
Likita ya ce jijiyoyin kafaɗa ne suka tuge
kamar gujiya daga ƙasa.

Da rana bai jin allura,
da dare wuta yake ci.

Kowace Alhamis muna haɗuwa
ƙarƙashin bedi, bayan asibitin Damagaram.
Lawali baduku ya koya mini ɗaure mazagi da haƙori.
Barira ta ce, ci tuwonka da hagu,
Allah ya san dalili.

Jiya ɗan yatsan Kalla ya motsa.
Kaɗan.
Mu shida, ba mai iya tafi,
sai kowa ya ara wa na kusa tafinsa.