Hanyar Komawa

A ƙauyenmu na kan tudu, gabashin Nepal,
inda gonaki ke hawa dutse kamar matakala,
na shiga aji da batir ɗaya, waya biyu,
da kwan fitila ɗan mitsitsi kamar idon kaza.

Na ce, Sunmaya, taso ki kunna mana.
Ta manna waya guda a kan batir,
ta kai ɗaya bakin gindin kwan,
ta jira.
Aji ya jira, har akuyar da ke leƙen taga ta jira.
Shiru kake ji, kamar an shuka dusa.

Na ce, lantarki ba ya barin gida
sai ya tabbata akwai hanyar komawa.
Ta ɗauko waya ta biyu, hannu na rawa,
zobe ya rufe,
kwan ya buɗe ido.

Ran Juma'a muka gangara ɗakin inji,
wurin tsoho Harka mai yatsa tara.
Ruwa na zubowa ta bututu, gaba arba'in,
ya mari farfela, farfela ta juya maganaɗisu
a tsakiyar naɗin jan ƙarfe.
Tikaram, sarkin gardama, ya tara bokiti a mafita.
Malam, ruwan nan bai ragu ko da cokali ba,
to me muka karɓa a wurinsa?
Na ce, tsayinsa muka karɓa.
Rana ta ɗago shi daga teku,
gajimare ya goyo shi har ƙolin tsauni,
yanzu yana biyan bashin hawa da gangara.
Makamashi ba ya mutuwa, riga yake sakewa:
jiya tsayi, yau gudu, anjima haske.
Taɓa jikin injin ka ji. Da ɗumi, ko?
Wannan la'ada ce.
Kowace waya dillaliya ce, sai ta cire nata.

Na zana musu gidaje a jere kan igiya ɗaya,
kwan gida guda ya ƙone, gari duk ya makance.
Shi ya sa kowane gida da nasa reshe,
amma uwar wayar ɗaya ce, kada ku manta.

Ba su manta ba, damina ta tuna musu.
Ƙasa ta zaftare cikin dare, ta ture turke.
Kwana goma sha ɗaya muna cin abinci da lalube,
wayoyin hannu suka mutu ɗaya bayan ɗaya.
Mahaifin Sunmaya na can ƙasar rairayi
yana ɗaukar siminti, shekara huɗu ke nan,
muryarsa kaɗai ke zuwa gida duk mako.
Ita ma ta yanke.

Da ruwa ya tsagaita, Harka ya kashe makunni,
ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu,
don yatsan da ya rasa ya koya masa karatu.
Yarinyar ta bi shi, turke bayan turke,
taɓo har gwiwa, matsattsaku a ƙafa.
Ita ta fara gani:
tsakanin baki da baki, taƙi ɗaya tak.
Taƙi ɗaya ya hana gida sittin gani.

Da magariba tagogi suka farka.
Can tsakar dare na ji waya na kuka a gidansu,
na ji tsohuwa na dariya da hawaye a murya.

Washegari kakar ta hawo makaranta da sandarta.
Malam, abin da ka gaya wa jikata,
wai ba ya fita sai da hanyar komawa,
lantarki kaɗai ne?
Na ce, littafina a kan lantarki ya tsaya, Iya.
Ta daɗe tana kallon allo, inda zoben alli bai goge ba.
Ta ce, to, ni dai ban taɓa sa wa ƙofa sakata ba.
Ta juya, ta fara gangara.