Lamba Arba'in da Ɗaya

Ta dawo mana ranar Talata a bayan babbar mota,
cikin hazon da ke kwanciya kan gonakin Modena,
ja wur, a lulluɓe kamar majinyaciya.
Tamanin kacal muka ƙera irinta.
Ita ce ta arba'in da ɗaya,
haka aka zana a ɗan farantin tagulla kusa da giya.

Mai ita, Taddei, likitan haƙori daga Parma,
ya sauko yana murza hularsa.
Ya ce: a hanyar dutse, ina cikin kwana,
na taka totur, ta yi tari sau biyu,
sai wari ya cika mini hanci.
Jikata na gefena, Ornella. Shekararta tara.

Ban ce masa uffan ba.
Na kwanta kan allo mai taya, na shige ƙarƙashinta.

Kowa samanta yake so:
kujerar fata ɗinkin hannu,
fenti shafi bakwai,
injin da in ya yi gurnani
tantabarun coci ke watsewa.
Ƙarƙashin kuwa nawa ne,
shekara ashirin da shida ke nan:
tanki, famfo, matata, tiyo,
hanyar da fetur ke bi a cikin duhu
kamar jini, ba mai tuna shi sai ya zuba.

Na bi bututun da yatsa, taƙi bayan taƙi.
A bushe. A bushe.
Sai bayan famfo, inda zafi ke taruwa,
yatsana ya dawo da sanyi.
Zoben roba ne, bai kai na aure faɗi ba,
ya tsattsage kamar leɓen mai ƙishirwa.
Kuɗinsa ba ya sayen kofin gahawa.
Kuɗin motar zai sayi gidanmu har da na maƙwabta.

Na ɗauko littafin aiki.
Ga sa hannuna, ga kwanan wata,
jajiberin Kirsimeti.
Koraye sun ƙare a ranar,
aka miƙo mini baƙaƙe a leda,
aka ce duk ɗaya ne, masu saye sun ƙosa.
Na san ba ɗaya ba ne.
Hannuna ma ya sani, don sai da ya tsaya.
Na sa, na ɗaure,
na tafi gida na murza taliya.

Gualtiero manaja ya turo ƙofar ofis ya rufe.
Ya ce: canza masa, mu wanke ta fes,
sauran ai ba su yi kuka ba.
Na ce: daga talatin da takwas zuwa hamsin da biyu
duk leda ɗaya ta haife su.
Ya ce: sunan kamfani fa?
Na ce: suna ba ya kashe gobara.
Ya daɗe yana kallon bango,
sannan ya turo mini wayar da ɗan yatsa.

Goma sha huɗu suka rage.
Na Zurik ya zage ni cikin ladabi.
Ta Osaka ta yi godiya har na ji kunya.
Wani ya yi dariya, ya ce tasa ba ta taɓa shan fetur ba,
tana ɗakin gilashi, ana share mata ƙura.
Na ji tausayin wannan fiye da sauran.

Da asuba na gama da ta Taddei.
Na sa kore, na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa.
Na tashe ta, na kwanta a ƙarƙashi ina sansana
har zafinta ya busar mini da gumi.
Iska kawai, da ƙarfe.

Tsagaggen zoben yana jikin makullin gidana yanzu.
Goma sha uku sun amsa.
Lamba arba'in da bakwai an sayar da ita sau biyu,
wayar tana ta ƙara a wani gida da ban sani ba.
Hazo ya ɗaga, an buɗe gareji,
ni kuma na sake dannawa.