Inci Biyu

Shekara ashirin da uku ina auna mutane
a rumfata ta Kasuwar Barci.
Kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu,
in rubuta a littafi mai baƙin bango.
Nakan san wanda ya samu kwangila tun bai faɗa ba,
ƙugunsa ke riga bakinsa.
Ni kuwa wanzami, ba na son jarfa:
tef na rataye a wuyana,
bai taɓa zagaya cikina ba.

In na ratsa majalisa sai a ce,
"Sabitu, Allah ya buɗa!
Wannan tumbin ba na talaka ba ne."
In yi dariya, in shafa shi.
Ban gaya musu gwiwata na kuka kamar ƙyauren langalanga ba,
ko tashi daga sujada ya zame mini hawan dutse,
ko Karimatu kan zauna tsakar dare
tana sauraron shirun da ke tsakanin minsharina,
in ya yi tsawo ta girgiza ni.

Ita ta ja ni asibiti wata Talata.
Sista Ladi, 'yar Kakuri,
ta hau da ni sikeli:
kilo ɗari da sha bakwai.
Sai ta zaro tef,
irin nawa sak, har da koɗewar baki.
Na ɗaga hannuwa sama
yadda nake sa yara su yi gab da salla.
"Arba'in da takwas," in ji ta.

Na zaci faɗa. Likita kujera ya turo mini.
"Ba zarin ci ba ne kaɗai," ya ce,
"cuta ce mai saiwa da yawa.
Akwai gado. Yaya mahaifinka?"
Baba ma sai da yadi goma.
"Akwai yawan zama, akwai ƙarancin barci,
akwai wanda magani ke ƙara wa jiki.
Jiki asusu ne, abin da ba ka kashe ba ajiyewa yake.
Ƙiba kuma ba ta tafiya ita kaɗai,
hawan jini ke riƙe mata jaka,
ciwon suga na biye a baya."

Ya ce in lissafa cina.
Shayi mai kauri, suga cokali biyar,
lemon kwalba uku kafin la'asar,
tuwo malmala uku bayan isha'i, sai katifa.
Ina faɗa ina jin muryata kamar ta mai ba da shaida a kotu.

Na tambayi garin da ake talla a tashar Kawo,
mai narka tumbi cikin kwana bakwai.
Ya ce, "Aljihunka zai narke, wataƙila da ƙodarka.
Akwai magani na gaske, akwai tiyata,
ga wanda aka duba aka ga ya dace.
Kai dai fara da kwanonka da ƙafarka."

Yanzu malmala ɗaya ce, ganye ya fi ta yawa,
zogale, rama, kabeji.
Na daina tare ɗan acaɓa.
Da asuba nakan taka Tudun Wada
kafin masu ƙosai su hura wuta,
don na san halina.

Ban ce ban faɗi ba.
Bikin ɗiyar Garzali na ci waina goma sha biyu,
na kwana ina jin haushin kaina,
na wayi gari na ɗaura takalmi.

Wata biyar ke nan.
Majalisa na tambaya ko lafiya, ko bashi ne.
Karimatu na barci har kiran farko.

Jiya bayan na sallami yara
na cire wandona na Juma'a daga leda,
na ɗora shi a kan keke.
Inci biyu na kama.
Ban yanke rarar ba, na naɗe ta a ciki.
Sannan na buɗe littafi mai baƙin bango,
ƙarƙashin sunan wani ɗan kwangila
na rubuta nawa.