Kwana Talatin a Ruwan Tagulla

Daga Legas ya iso, cikin leda mai iska,
a bayan motar Isiya, tsakanin kwalayen batir,
kifi rawaya, bai kai tafin hannun Kulu ba.
Kwana na uku na ga ɗige-ɗige a jikinsa,
fari-fari, kamar an barbaɗa masa tsaki,
yana goga gefensa da gilashi
yadda akuya mai ƙazuwa ke goga katanga.

Ban kai shi cikin 'yan'uwansa ba.
Na ware masa tanki a ɗakin baya,
ba yashi, ba dutse, don dutse ɓarawon magani ne,
sai guntun bututun roba, ya samu wurin ɓuya.
Komarsa daban, bokitinsa daban,
har hannuna sai na wanke kafin in gaida sauran.

Teku ba ta san hanyar Mabera ba.
Ni nake dama ta a baho, da gishirin buhu,
in auna, in ƙara, in sake aunawa.
Rana kuma ta sha rabonta ta taga,
ta ɗauke ruwa, ta bar mini gishiri,
kullum da la'asar sai na biya abin da ta ci.

Sannan tagulla.
Ba ta munduwar Ige ba, mai ƙara in tana daka.
Wannan ruwa ce, shuɗiya, a 'yar kwalba,
ɗigo ɗigo nake ba da ita, ina riƙe numfashi.
In ta gaza, ƙwaro ya yi dariya,
in ta zarce, kifi ya juya ciki sama.
Tsakanin magani da guba
ko zaren ɗinki bai samu wurin wucewa ba.

Baba ya zo daga Kwalkwalawa ran kasuwa,
da ƙarnin Rima a rigarsa.
Shekara arba'in yana jefa birgi,
bai taɓa tambayar tarwaɗa lafiyarta ba.
Ya leƙa, ya daɗe, ya ce,
"Kihin ga da ba a ci,
shi ka hana maka kwana?"
Na ce shi ne.
Ya yi tsaki, ya nemi buta.

Kwana na takwas ɗige-ɗigen suka ɓace.
Kulu ta yi tsalle, ta ce a kai shi gida.
Na ce a'a. Ƙwaron bai mutu ba, sauka ya yi,
ya kwanta a ƙasa, ya rufe ƙofa,
yana haihuwa a ɗakin da tagulla ba ta shiga.
Sai 'ya'yan sun fito neman masauki
za su tarar da ita tsaye a hanya.
Wanda ya tashi daga gadi don gari ya yi shiru,
shi ɓarawo ke jira.

Ya daina ci. Na murza masa busasshen ganyen teku,
ya shinshina, ya koma bututunsa.
Daren sha bakwai aka ɗauke wuta,
batir ya mutu, kumfa ta tsaya cik,
zafi ya zauna a ɗakin kamar mai bin bashi.
Na ɗauki kofi, ina ɗiba ina zubawa daga sama
don ruwa ya sha iska.
Ƙarfe biyu, kafaɗata ta ƙi.
Wani hannu ya karɓi kofin a duhu,
hannu mai kanta, wanda ya san nauyin ruwa.
Bai ce komai ba. Har aka kira assalatu.

Yau talatin. Na auna, launin ya tsaya inda nake so.
Gobe zan fara janye tagulla, kaɗan kaɗan.
Ɗazu ya fito, ya cafki abinci,
ya zagaya tankin sau biyu kamar mai duba gona.

Baba ya bugo waya, layi na yankewa.
Bai tambayi Ige ba, bai tambayi Kulu ba.
"Yaron nan mai rawaya," ya ce,
"ya ci?"