Ƙarfe Shida a Tsakiyar Teku

A Mindelo muka haɗu da Ragnvald,
ranar da famfon ruwana ya ƙi tashi.
Ya tuƙo ɗan kwalekwalensa, ko gaisuwa babu,
ya miƙo mini wata 'yar roba mai kama da zobe,
ya ce shekara tara tana kwance a gwangwanin shayi
tana jiran mai rabo.
Na tambayi kuɗinta. Ya dube ni
kamar na zagar masa uwa.

Matarsa Solveig ta gasa burodi a tukunya,
muka ci da man zaitun a bayan jirginsu,
jirgin da suka raɗa wa sunan karensu da ya mutu, Bamse.
Harshe bai zo ɗaya ba,
sai muka cike giɓin da hannu da taswira.

Ranar Talata muka ɗaga anka tare.
Kafin la'asar filafilinsu ya koma ƙwayar shinkafa,
kafin almuru babu shi.
Daga nan sai ruwa,
ruwan da hankali ba ya son lissafa zurfinsa.

Amma ƙarfe shida na kowace yamma
rediyo yakan yi tari, ya yi ƙara kamar mai a kasko,
muryarsa ta fito: Maiwenn, kina ina, yaya iska,
kifi nawa suka faɗo miki daren jiya?
Nakan ce bakwai, masu fiffike.
Yakan ce shi goma sha ɗaya.
Ƙarya yake. Na sani, ya san na sani.

Dare na sha huɗu iska ta sauya hali.
Raƙuman ruwa suka miƙe tsayin bene,
na ɗaure ƙuguna da igiya kusa da sitiyari,
gishiri ya tsattsaga mini leɓe,
kofi ɗaya da nake ƙauna ya fashe.
Shida ta buga. Shiru.
Washegari ma shiru.
Na riƙe rediyon yadda ake riƙe hannun majinyaci,
ina kiran sunan mataccen kare
a inda ƙasa mafi kusa
tana ƙarƙashin ƙafata.

Rana ta uku, Solveig ce, murya a dishe:
sandar filafili ta karye,
ta tafi da haƙarƙarin Ragnvald biyu,
suna rarrafe da ƙyalle a kan guntun ƙarfe.
Ta ce, yana tambaya wai kifi nawa?

Na juya. Kwana biyu ina haurawa gaba da iska.
Na jefa musu jarka uku ta dizal a bakin igiya,
da ƙwayar rage zafi, da albasa.
Muka shiga Girenada kamar tsofaffi biyu
masu dawowa daga asibiti.
Wata ɗaya muka yi muna gyara, muna gardama a kan ƙulli.
Sannan su arewa, ni yamma.
Mutanen teku ba sa dogon bankwana,
hannu ɗaya ake ɗagawa, ɗayan yana kan igiya.

Shekara huɗu. Yau ina Horta,
inda kowane jirgi ke barin zanensa a bangon tasha.
Ina neman gurbin nawa, fenti a hannu,
sai ga kare mai kunne ɗaya a tsaye, fentin bai daɗe ba.
A ƙasa, sunan Solveig.
Nata kaɗai.
Gefe kuma ta jera ƙananan kifaye masu fiffike.

Na tsuguna na ƙirga.
Na sake ƙirgawa, don idona ya ƙi tsayawa.
Goma sha ɗaya.

Yanzu shida saura kwata.
Famfon yana aiki har yau.
Zan koma jirgi in kunna rediyo,
wataƙila tana kusa.